Muryar Baba a Kiɗan Finland

Shafi na 9

Da sunan Allah. Masu cika min waya da saƙo tun safe, ga shi nan na kawo. Ke kuma da kika ce Rukaya ta cika zafin rai, ki bari sai kin ji muryar mahaifinki a inda ta ji ta nata, sannan ki zo mu yi magana.

*

Tun daga titin Wendover na garin Greensboro har ta kama hanyar unguwarsu ta Pleasant Garden, Rukaya ba ta san motoci nawa suka danna mata hon ba. Rigar aiki na jikinta, katin shiga sito na lilo a wuyanta. Ba ta nemi izinin kowa ba ta baro aikin.

Ina ta ga ta neman izini?

Suna hutun cin abinci wani Bature abokin aikinta, mai son kiɗan hayaniya, ya kunna sabon albam. Ya ce wasu 'yan Finland ne, kuma wannan ne albam ɗinsu na farko. Ganga kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, mawaƙin yana kururuwa kamar bijimin sa a mayanka. Tana shirin tashi ta bar musu wurin, sai kiɗan ya ɗauke ɗif.

Sai muryar Baba.

Alhaji Braimah, ladanin masallacinsu, wanda suka binne bara. Yana rera waƙar nan da yake lallashinta da ita tun tana ƙarama a Kumasi, numfashinsa na sarƙewa. Ta san ranar da ya rera ta haka. A gadon asibiti ne, hannunsa cikin nata. Su uku ne a kansa: ita, mahaifiyarsu Hajiya Sahadatu, da ƙanenta Aziz da ya ɗauki muryar a wayarsa.

Ta taka birki a ƙofar gidan har tsakuwa ta watsu. Ƙofar gareji a buɗe take, Aziz na kwance a ƙarƙashin motarsa, ƙafafunsa kawai ake gani.

Ta hamɓari takalminsa.

“Fito.”

“Sista? Ba kya aiki yau?”

“Aziz, na ce ka fito!”

Ya zamo a hankali, hannu duk baƙin mai. Yana ganin fuskarta murmushinsa ya ɓace.

Ta danna waya, ta kara masa a fuska. Ganga ta barke, kururuwa ta cika garejin, sannan komai ya yi tsit, muryar tsohon ta taso a raunane:

“Ilmari, Ilmari, a yi barci,
sanyi na waje, Baba na ciki...”

Aziz ya sunkuyar da kai.

Wannan sunkuyarwar ce ta ƙarasa ta. Da ma a hanya tana ta roƙon Allah ya sa sace wayarsa aka yi.

“Kai ne,” ta ce. “Wallahi kai ne.”

“Sista, let me explain.”

“Kada ka yi min Turanci! Da Hausa Baba ya yi ta, da Hausa za ka ba ni amsa. Wa ya ba su?”

“Ni na tura.”

Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. Marin ya sauka, hular kansa ta faɗi cikin kaskon mai. Bai rama ba, bai ko shafa wurin ba.

“Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kiran salla! Mutumin da ko rediyon mota ba ya bari mu ƙara wa murya! Shi ka ɗauka ka miƙa wa mashaya suna ihu a kansa? Yana kabari, Aziz! Yana kabari ana rawa da muryarsa!”

“Ba rawa ake yi ba. Kuma ba ki san ko suna sha ba.”

“Au, kare su ma kake yi?”

“Ki saurari waƙar har ƙarshe. Ki ji yadda jita biyun suke bin muryarsa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Karin Baba ne suka gina waƙar gaba ɗaya a kai. Kuka ne, Sista. Su haka suke kukansu.”

“Kuka? Kukan uban wa?”

Aziz ya ɗago ya dube ta. Bakinsa ya motsa, ya fasa.

“Ei! Mene ne wannan hayaniya?”

Hajiya Sahadatu ce tsaye a ƙofar da ta haɗa kicin da gareji, ludayi a hannu, ƙamshin waakye, shinkafa da wake irin ta Kumasi, na biye da ita. Duk ƙarshen mako takan dafa wa masu oda, rabin 'yan zangon Greensboro ita ke ciyar da su.

“Afia, maƙwabta Turawa ne fa. So kike su kira mana 'yan sanda?”

Afia take kiranta tun tana jaririya, don ranar Juma'a aka haife ta.

“Mma, su kira! Gara su zo su tafi da shi kafin in yi masa illa. Kin san abin da ɗanki ya yi?”

“Ku shigo ciki.”

“Mma, muryar Baba ya...”

“Na ce ku shigo ciki. Kai kuma wanke hannunka.”

A falo Rukaya ta ƙi zama. Ta tsaya kusa da kujerar Baba, wadda har yau babu mai hawa, ta sake kunna waƙar. Tana kallon fuskar uwar, tana jiran salati, tana jiran ludayin ya faɗi.

Hajiya ta zauna ta saurara. Da muryar mijinta ta zo, sai ta lumshe ido, leɓɓanta suna bin waƙar. Da jita ta ɗauka, ba ta ce a kashe ba.

Rukaya ta zuba mata ido.

“Kin taɓa ji,” ta ce a hankali.

“Na ji.”

“Yaushe?”

“Tun kafin su sake ta. Sai da suka nemi yardata.”

“Kika yarda?”

“Na yarda.”

Rukaya ta yi wata irin dariya marar daɗi. Ta dubi uwar, ta dubi ƙanen da ya shigo yana goge hannu, ta sake duban uwar.

“To, madalla. Ashe ni ce baƙuwa a gidan nan. Ni da na kwana asibiti har aka kusa korata daga aiki. Ni da na riƙa juya shi, ina goge masa baki. Ku kuna can kuna shawara da Turawan Finland, ni kuma sai dai in ji a bakin lasifika ina cin abinci, cikin mutane!”

“Sista, mun so mu gaya miki...”

“Rufe min baki! Mma, kin san abin da zai faru idan wannan ta shiga guruf ɗin matan zango? Anti Mounira kaɗai ta isa. Kafin magariba an ji can gida, a zangon Nima da Kumasi. Za a ce ladan Braimah ashe mawaƙin shaiɗanu ne. Da wane ido za mu shiga masallaci?”

“Da idon da muka saba shiga,” in ji Hajiya.

“Mma!”

“Kada ki ɗaga min murya, Afia.”

“Sai na ɗaga! Yau dai sai na ɗaga. Waƙata ce. Ni yake yi wa ita. Abu ɗaya da ya rage min na Baba wanda ba na kowa ba, shi kuka kwashe kuka bayar. Gobe da safe zan nemi lauya. Sai sun cire ta, ko su waye su.”

Daga kicin ana jin murfin tukunya yana rawa.

Aziz ya ce, “Mma, ki gaya mata. In ba haka ba ni zan faɗa.”

“Ta gaya min me?”

Hajiya ta ajiye ludayin a kan tebur. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, duk da babu abin da ya same shi.

“Me ake nufi da Ilmari?” ta tambaya.

“Wace irin tambaya ce wannan?”

“Ki ba ni amsa. Kin iya Hausa, kin iya Twi. Me ake nufi da Ilmari?”

“Ba a nufin komai. Kalmar lallashi ce kawai, irin ta waƙar yara.”

“Sanyin fa?” Aziz ya ce. “Sanyi na waje. Wane sanyi ne a Kumasi da har za a yi masa waƙa?”

“Ban sako ka ba.”

“Suna ne,” in ji Hajiya. “Sunan mutum ne.”

Rukaya ta kama bayan kujerar Baba.

“Kafin ya aure ni, babanku ya zauna a Finland. Kin san ya yi tafiya yana saurayi.”

“Jamus ya ce mana.”

“Ya bi ta Jamus. A Finland ya zauna. Yana aiki a wata masana'antar katako, ya haɗu da wata mata 'yar can. Ba zaman banza suka yi ba, kada ma ranki ya kai nan. Aure aka ɗaura, da limami da shaidu. Ta haifa masa ɗa namiji. Ya yi masa huɗuba a kunne, ya raɗa masa Abdul-Gafar. Uwar da danginta suka ce Ilmari.”

“Ƙarya ne.”

“Yaron bai fara tafiya ba aure ya lalace. Dangin matar da ma ba sa so. Takardun zamansa kuwa a kan auren suke. Aka sa shi a jirgi. Ya dawo Kumasi da jaka ɗaya da wannan waƙar.”

“Ƙarya ne! Baba ba zai haifi ɗa ya watsar ba!”

“Bai watsar ba. Ya nema har ya gaji. Matar ta bar garin, ta sake aure, yaron ya ɗauki sunan mijin. A wancan zamanin wa zai nemo maka mutum a ƙasar da ko harshensu ba ka gama ji ba?”

“Ke kuma kin sani duk shekarun nan?”

“Tun kafin a kai kuɗin aurena ya gaya min. Ya ce in ba zan iya ba in faɗa. Na ce zan iya.”

Rukaya ta girgiza kai, ta ci gaba da girgizawa.

“A'a. Ni ce 'yar farinsa. Kowa ya sani. Ni ce babba a gidan nan.”

Hajiya ta dube ta, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta karye ba.

“Tun da kika yi wayo, kin taɓa jin na kira sunanki na yanka?”

Rukaya ta kawar da kai.

“Ba ki taɓa ji ba. Ke ce 'yar farina, ina jin kunyar sunanki, haka muka taso. Shi fa? Babanku da ya fi ni riƙon al'ada? Yaya yake kiranki?”

Rukaya. Rukaya, kawo min buta. Rukaya, kin yi salla? Gatsal yake kiran sunan, a gida da waje, a gaban manya da yara. Ta sha yin alfahari da hakan. Takan ce wa ƙawayenta babanta wayayye ne, bai damu da irin wannan kunyar ta mutanen da ba.

“Akwai sunan da bai taɓa iya faɗa ba,” Hajiya ta ce. “Ko ni sai dai ya ce yaron nan. A waƙa kawai yake iya sako na Turawan, don yana ganin wannan ba shi ne na yanka ba.”

Rukaya ta saki bayan kujerar. Ba ta zauna a kujerar ba, ta zame ta zauna a ƙasa, a kan kafet.

Ta tuna asibitin. Robar iska a hancinsa, idonsa a rufe, yana matse hannunta yana rerawa. Ta yi ta kuka a ranar tana cewa a ranta, har a wannan halin ni yake tunawa.

Ashe hannunta kawai ya ara.

“Shi ya ce in ɗauka,” Aziz ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Kin fita kiran nas, ya jawo ni ya ce, in ka same shi ka ba shi. Ya gaya min sunan garin da sunan matar. Na yi ta bincike a intanet. Ban same shi ba sai bayan an yi jana'iza.”

“Kai ya gaya wa.”

“Sista...”

“Kai. Kai da ko awa ɗaya ba ka iya yi a ɗakin sai ka ce warin magani na damunka. Kai ya gaya wa, ni ya bar ni da goge amai.”

“Ya ce ba za ki iya ɗauka ba. Ya ce kin ɗora shi a inda bai kai ba, yana tsoron ranar da zai faɗo a idonki.”

“To ya faɗo!” Ta daki kafet da tafin hannu. “Ya faɗo! Ku je kabarin ku gaya masa!”

“A'uzubillahi,” in ji Hajiya. “Afia, ki ji tsoron Allah. Mamaci ne.”

“Shi ya ji tausayina? Ke kin ji? Kun zuba min ido ina rera wa kaina waƙar wani ina kuka!”

Ta share fuska da hannun rigar aiki, ta miƙe tsaye.

“To na ji. Yana da ɗa. Me ya haɗa ɗan da waɗannan masu ihun? Shi ya sayar musu?”

Aziz ya dubi uwarsu kafin ya ce, “Shi ne mai ihun.”

“Me?”

“Shi ne mawaƙin. Shi ya kafa ƙungiyar da abokansa. Sun daɗe suna fama ba su fitar da komai ba. Ya ce min da na tura masa muryar, a bakin titi ya tsayar da mota, ya kasa tuƙi. Bai taɓa jin muryar ubansa ba, Sista. Ko hoto ɗaya uwar ba ta bar masa ba. Ya girma shi kaɗai ne baƙin yaro a makarantarsu, ana tambayarsa daga ina ya zo, ba shi da amsa. Sunan albam ɗin ma, a harshensu, yana nufin ‘Sunan da Aka Raɗa Min’. Bai san yana da wani suna ba sai da na gaya masa.”

“Allah sarki,” Rukaya ta ce da gatse. “Sai in yi kuka? Ɗan ladan, jinin Alhaji Braimah, yana gurnani a gaban mutane da gashi har baya. Salla ma yana yi?”

“Wa ya koya masa?” in ji Hajiya.

“Ba ruwana! Da mutumin kirki ne, da ya ɓoye muryar a wayarsa ya riƙa ji shi kaɗai. Ba ya watsa wa duniya ba.”

“Ya tambaye ni,” Hajiya ta ce. “Ta waya, Aziz na fassara min abin da ban gane ba. Ya ce ba shi da kabarin da zai je, ba shi da addu'ar da ya iya. Abin da ya iya kenan. Ya ce in na ce a'a zai cire. Na kwana ina juyi. Kiɗan nan ni ma ba na son sa kraa, ko kaɗan, kaina yake sara min. Amma na tuna na samu babanku shekara da shekaru, kun same shi, shi kuwa abin da ya samu bai kai tsawon alwala ba. In hana shi wannan ma?”

“Sai ki hana ni nawa ki ba shi.”

“Ba a rage miki komai ba.”

“An rage! An rage, Mma, ba ki gani ne?”

Ta figi jakarta daga kan tebur. Makullin mota ya faɗi, ta sunkuya ta ɗauka.

“Ku saurare ni da kyau. Ba ni da wani wa. Uwa ɗaya uba ɗaya mu biyu ne, kuma daga yau ma ban tabbata da na biyun ba. Lauya kuwa sai na nema. Ya zauna can cikin ƙanƙararsa ya yi ta ihu, amma ba da muryar ubana ba.”

“Sista, tsaya. Akwai saura.”

“Babu sauran abin da zan ji.”

“Please, 'yar uwa, minti ɗaya. Da ma yau da yamma muka shirya kiranki, bayan kin tashi aiki. Ba mu san za ki ji a can ba.”

“Ku kira ni ku ce me?”

Wayar Aziz ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro ya duba, fuskarsa ta sauya. Ya nuna wa Hajiya. Ita kuma ta dafa gwiwa ta miƙe, ta jawo mayafinta daga hannun kujera ta yafa.

Rukaya ta bi su da kallo.

“Mene ne? Wa ke nan?”

Sai ta ji ƙarar taya a kan tsakuwa. Mota ta shigo a hankali, irin shigowar wanda bai tabbata da gidan ba. Ta tsaya a bayan motar Rukaya.

“Ya ce yana so ya ga kabarin,” Aziz ya ce. “Da safe ya sauka a filin jirgin Charlotte, ya ɗauki motar haya.”

Rukaya ta juya ga taga. Ta tsakanin labule ta ga an buɗe ƙofar motar. Dogo ne, sanye da baƙaƙen kaya, gashi ɗaure a ƙeya, zanen da aka yi a fata ya rufe hannunsa har wuyan hannu. Ya tsaya yana duban lambar gidan, ya goge tafukansa a wando. Da ya tako, kafaɗar hagu ta ɗan karkata, kansa a sunkuye kaɗan.

Tafiyar Baba ce in zai je masallaci.

Aka ƙwanƙwasa. A hankali, kamar mai neman gafara.

“Afia,” in ji Hajiya. “Buɗe wa yayanki ƙofa.”

Rukaya ta taka har bakin ƙofar. Ta ɗora hannu a kan ƙarfen. Tana jin numfashin Aziz a bayanta, tana jin uwarta na salati ƙasa-ƙasa.

Ta murza makulli. Ta kulle.

“Afia!”

Daga waje aka yi gyaran murya. Sallamar ta zo a karkace, harafi bayan harafi, kamar wanda ya kwana yana haddace ta a jirgi. Babu ihu, babu gurnani. Murya ce mai kauri da taushi, wadda Rukaya ta ɗauka ta tafi ƙasa tun bara.

“Assalamu... alaikum.”

Ya ɗan dakata. Sannan, daf da katakon ƙofar:

“Rukaya?”